Kunnen Baba Lamidi da Abin da Ya Tsiro da Wuri

Kwanakin baya na je a auna mini suga a wani ɗakin gwaji nan Kwaciri. Na tarar da samari uku cikin fararen riguna sun sha guga, biyu suna danna waya, ɗaya yana danna na'ura. Da na ce musu ni ma a wannan sana'a furfura ta same ni, sai mai na'urar ya yi dariya ya ce ai aikin lab yanzu ba wuya, a zuba, a danna, a jira takarda ta fito. Na ce masa madalla, Allah ya ƙara sauƙi. To wannan rubutu naku ne, ku masu zubawa da dannawa. Ku ɗan ajiye wayar, na'urar ba guduwa za ta yi ba.

Sunana Habu. Na shiga aikin tun zamanin soja, a wani ƙaramin asibitin masu tari da ke Sabon Gari, ƙarƙashin wata mata da ake kira Madam Rifkatu. Kirista ce daga wani ƙauye wajen Zariya. Mahaifinta malamin makaranta ne, kuma ina kyautata zaton bulalarsa ta gada, ta mayar da ita harshe. Shekarata ta farko ban ko taɓa madubi ba, wato na'urar da ake leƙa ƙwayoyin cuta da ita. Wankin kwalabe na yi. In na gama sai ta ɗauki ɗaya ta ɗaga ta wajen taga, in ta ga shatin yatsa ko ɗigon sabulu, duka kwandon zai koma cikin ruwa. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. Sai dai ta tambaye ni a hankali ko a gidanmu haka ake wanke kwanon da baƙo zai ci abinci, kuma ta tsaya tana jiran amsa.

Aikin farko da ta bari na yi da hannuna kakin wani direba ne, abin da ya taro daga ƙirjinsa cikin 'yar roba. Ku da kuke ƙyamar ko buɗe murfin, ku saurara. Da tsinke ake ɗebo wurin da ya fi kauri, a shafa a gilashi kamar faɗin farcen babban yatsa, kada ya yi kauri kada ya yi ruwa-ruwa. A bari ya bushe, a gifta shi kan wuta. A zuba jan rini, a ɗumama har ya fara tururi, amma in ya tafasa ka ɓata aikin kuma ka ɓata wa Madam rai. A wanke, a zuba asid, a sake wankewa, a zuba shuɗi. Asid yana cire ja daga jikin komai, ban da ƙwayar tarin fuka, saboda tana sanye da wata riga mai maiƙo wadda in ta sha ja ba ta saki. Sai ka ɗiga mai, ka sunkuya, ka yi ta zagaya gilashin kana neman 'yan jajayen tsinkaye a cikin shuɗi. In babu wuta, ka ja teburin bakin taga ka tara hasken rana. Wuyana har yau bai yafe mini ba.

Akwai kuma shuka. In ana son tabbaci sosai, ko magani ya ƙi ci, sai a shuka kakin a ga abin da zai fito. Gonar tamu ƙwai ce. Madam da kanta take zuwa kasuwar Sabon Gari ta zaɓo sababbin ƙwai, mu wanke, mu goge da sifirit, mu kaɗa, mu tace da ƙyalle, mu sa koren rini, mu zuba a kwalabe a kishingiɗe, mu turara har ya daskare. A kan wannan ake shafa kakin, a sa a akwatin ɗumi. Kuma akwai dokar da ta dasa mini tun ranar farko, wadda ita ma malamanta suka dasa mata: ƙwayar tarin fuka ba ta gaggawa, sai an yi makonni kafin ta nuna kai. Duk abin da ya tsiro kafin mako ya zagayo datti ne, ko daga hannunka, ko daga iska, ko daga kwalbar da ba ta wanku ba. Ba a ɓata rini a kansa. A dafa kwalbar, a zubar, a sake. Doka ce mai kyau, ta yi mana aiki shekara da shekaru, kuma duk wanda ya yi lab a zamaninmu zai iya karanto ta cikin barci.

Baba Lamidi kuwa tun kafin ya zama majinyacinmu na san shi, domin shi ke gyara rediyon lab, wadda Madam ta yarda a kunna lokacin labarai kawai. Kakanninsa daga ƙasar Yarbawa suka zo, amma shi a Fagge aka yanke masa cibiya, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Shagonsa na wajen Bata, bakin kasuwar Sabon Gari, ɗan ƙarami, rediyoyi har rufi. Mutumin nan da kunne yake cin abinci. Na taɓa kai masa tamu tana wani gurnani, bai ko kwance ta ba. Ya kunna, ya karkata kai, ya rufe ido, duk da hayaniyar motoci da 'yan dako da masu kaset, ya ce wani ɗan ƙarfe ne ya saki a bayan lasifika. Ya buɗe, ya ɗiga dalma, shi ke nan. Ba shi da wata na'urar awo ta kirki, ba ya kuma bukata. In ka cire masa kunne, ka rufe shagon.

Ya zo mana da tari a shekarar da sojoji suka koma bariki. Ku ba ku san wannan shekara ba. Kowa ya zama ɗan siyasa, har bangon asibitinmu ya sha fasta, fuska kan fuska, duk suna murmushi. Rediyo kullum alkawari: ruwa zai zo, wuta za ta tsaya, asibiti zai zama kamar na ƙasar waje. Kasuwar Baba ta buɗe, don kowa na son jin yadda za a gyara ƙasa. Mu dai a lab abin da muka gani shi ne wutar da ke zuwa da rana ta koma zuwa in ta ga dama, kananzir ya yi wuya, rini ya koma sai an roƙa. Akwatin ɗuminmu ya zama kabad ɗin ajiye kofi. Madam ta je gida ta ɗauko akwatin ƙyanƙyasar kaji na mahaifinta mai aiki da fitila, muka ci gaba da shi.

Na shafa kakin Baba, na rina, na leƙa. Jajayen tsinkaye, ba sai an nema ba. Na rubuta abin da na gani, likita ya rubuta abin da littafi ya ce, aka miƙa shi ga Tanko.

Tanko shi ne mai ba da magani. A lokacin an shigo da tsarin cewa majinyaci ba zai tafi da ƙwayoyi gida ba, sai ya zo kowace safiya ya haɗiye a gaban ma'aikaci. Tsari ne mai kyau, ya ceci mutane da yawa, ba zan ci amanarsa ba. Amma an ba wa Tanko wannan aiki kamar an naɗa shi alƙali. Yana zaune kan kujera da tulu da kofin roba, mutane a layi. Ka haɗiye, ka buɗe baki, ka ɗaga harshe, ya leƙa, sannan ya ɗaga maka hannu. Dattijo ne kai ko amarya, duk ɗaya. A ilimin Tanko, waɗanda ba su warke ba iri biyu ne kawai a duniya: wanda ya tsallake magani, da wanda ya tsallake ya kuma yi ƙarya.

Baba Lamidi bai taɓa fashi ba. Daga masallacin asuba yake wucewa, shi ne na farko a layi, da hularsa da carbinsa. Watanni suka shuɗe yana haɗiya yana ɗaga harshe. A gida kuma an yi abin da aka saba. Matarsa Alhaja Sikira, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, ta ware masa kwano da kofi da cokali, aka mayar da shi ɗakin zaure, jikoki suka koma gaishe shi daga bakin ƙofa. A masallaci ya koma ƙarshen sahu. An kawo mana duk mutanen gidan mun gwada, babu ko ɗaya mai ɗauke da komai, har da Alhaja da suka shekara suna kwana ɗaki ɗaya yana tari. Muka ce Allah ya kiyaye su, muka wuce. Ba wanda ya tsaya ya ce abin da mamaki.

Da wa'adin magani ya cika aka sake kawo kakinsa. Jajayen nan suna nan, ko ramewa ba su yi ba. Tanko ya girgiza kai irin na wanda ya daɗe da sani. Ya ce tsofaffin nan akwai dabara, wani yana ɓoyewa a kumatu, wani yana zuwa bayan gida ya sa yatsa ya amayar. Aka koma zagaye na biyu, kuma a zagaye na biyu, bayan ƙwayoyin, akwai allurar sitirefto kowace rana. Duk wanda ya yi aikin tari ya san halin wannan allura. Tana kashe ƙwayar tarin fuka, haka ne, amma in ta daɗe a jiki tana taɓa kunne, kuma abin da ta ɗauka ba ta mayarwa.

Ba a daɗe ba Baba ya fara ƙorafi. Ina jinsu ta taga, don teburin Tanko na jikin bangon lab. Ya ce kunnensa na wani shuuu, irin ƙarar da rediyo ke yi tsakanin tasha da tasha, kuma jiya an kawo masa gyara ya kasa bambance ƙarar lasifika da ta cikin kansa.

Tanko ya ce, "Baba, kowa da irin tasa. Wani ciki, wani jiri, kai kuma kunne. Buɗe bakin mu gani."

Ya buɗe. Maganar ta kai ga likita, wanda shi kaɗai ne a kan mutanen da suka cika baranda. Ya dubi sakamakon da na rubuta, ya ce a ci gaba, domin tarin fuka in an sake shi kashewa yake yi, kuma rai ya fi kunne. Ni ma da ni ne a kujerarsa abin da zan faɗa ke nan.

Alhaja Sikira ce ba ta yarda ba. Wata safiya ta rufe rumfarta ta zo har tagar lab, ɗankwali a tsaye, ta cika ta batse. Ta ce ita ke tashinsa, ita ke rako shi wani lokacin, kuma shekarun da ta yi da mutumin nan ko kwabon wani bai taɓa ɓoyewa ba, balle ƙwaya a kumatu. Ta ce ko dai idona ne ke da ciwo. Raina ya ɓaci, don ido shi ne jarina. Na ce ta shigo ta gani da kanta. Na saita mata madubin, ta sunkuya, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago.

"Na gan su, Malam Habu. Jajaye ne. To ka tambaye su sunansu? Ni a rumfata atamfa biyu za ka gani zane ɗaya, launi ɗaya, sai an wanke ake sanin wacce ce wacce."

Na ce mata Alhaja, nan ba Kwari ba ne. Madam tana can gefe tana goge tebur, tana jinmu. Washegari dai na ga ta shigo da ƙwai a leda.

Muka shuka kakin Baba. Kafin mako ya zagayo kwalbar ta cika da wasu ɗigo-ɗigo masu laushi kamar an yayyafa madara. Madam ta ɗaga, ta yi tsaki, ta ce datti. Muka ɗora wa fitilar akwatin kaji laifi, don a makon ta yi ta hayaƙi. Aka dafa, aka zubar. Kafin a samu wasu ƙwai, a haɗa, a turara, a karɓi sabon kaki, kwanaki sun tafi, kuma kowace safiya a cikinsu Baba na kwance kan benci ana soka masa allura.

Shuka ta biyu ma haka ta yi. Wannan karon ba fitila ba ce, ni ne. Madam ta wanke ni tas a gaban mai shara, ta ce ashe shekarun nan duk a banza, har yanzu ban iya wanke kwalba ba. Na haɗiye. Na ɗauki kwalaben na dafa su har sau biyu, na goge hannuna da sifirit har fata ta yi fari, na ce ta tsaya a kaina in yi shukar a gabanta. Ta tsaya. A lokacin Baba ya fara zuwa da Alhaja kullum, don in an kira sunansa a layi sai ta taɓa shi.

Ta uku ta tsiro da wuri kamar 'yan uwanta. Kada ku ɗauka wani haske ne ya sauko wa Madam. Haushi ne. So take ta nuna mini irin dattin da nake zubawa a kwalabenta, ta kira shi da sunansa, in daina musu. Ta ce yau za ta ɓata rininta don in ga ƙazantata da idona. Ta ɗebo ɗigo ɗaya, ta shafa, ta rina, ta zuba asid, ta sa a madubi tana ci gaba da yi mini wa'azin tsafta. Sai wa'azin ya tsaya a tsakiyar jimla.

Datti shuɗi yake fitowa. Wannan ja ne, gilashin gaba ɗaya, tsinke kan tsinke.

Ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago ba ta dube ni ba, ta ce, "Habu, wannan ba datti ba ne. Kuma ba tarin fuka ba ne." Ta fita da safar hannu a hannunta, abin da da ni na yi da na ji a jikina, ta ratsa layi ta shiga wajen likita ba sallama. A ranar aka tsayar da allurar. Haƙurin da nake bin ta na wankin kwalba kuwa har ta yi ritaya ban ji shi ba.

Daga nan muka koma makaranta, ni da ita. Ta je Zariya wajen tsohon malaminta ta dawo da littattafai, tana karantawa tana fassara mini muna aiki. Ashe ƙwayar tarin fuka tana da dangi masu yawa, duk riga ɗaya, duk suna riƙe ja. Su ba a jikin mutum suke zama ba. Suna cikin tankin ruwa, cikin bututu, cikin rijiya, cikin ƙasar lambu. Kowa na shan su yana shaƙar su, ba sa kula kowa, sai wanda huhunsa ke da tsohon tabo. Baba ya yi ciwon ƙirji yana yaro, ya kuma yi shekaru yana shaƙar hayaƙin dalma, sai suka samu ɗaki. Wasunsu na tsirowa a hankali, wasu cikin 'yan kwanaki, kamar nasa. Kuma galibi ba sa tsallakawa daga mutum zuwa mutum. Wato kwanon da aka ware, da ɗakin zaure, da ƙarshen sahu, duk a banza aka yi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda magani bai ko girgiza su ba. Mu abin da muka sani, ƙwayar tarin fuka tana koyon taurin kai ne in majinyaci na sha yana bari. Nan ilimin Tanko ya tsaya, kuma a kan tarin fuka yana da gaskiya. Waɗannan kuwa da taurin kansu aka haife su, tun suna cikin ƙasa suna kokawa da gubar wasu halittu. Rigar nan mai maiƙo ta hana yawancin magani shiga. Ɗan abin da ya kutsa, suna da wasu ƙananan famfuna a jikin rigar da ke kwarfo shi waje. Wanda ya tsira daga famfo, suna da sinadarin da ke kama shi ya lalata shi kafin ya taɓa komai. Ko da Baba ya haɗiye ƙwayoyin asibitin duka har da kwalinsu, a gaban Tanko da shaidu, sakamakon ɗaya ne.

Wannan ita ce dabararsu ta farko, bijirewa. Akwai kuma ta biyu, wadda Madam ta ce ta fi wayo, ni kuma na sa mata suna likimo. Kun san yauƙin nan da ke kama cikin randa in an kwana biyu ba a wanke ba? Haka suke taruwa a huhu, su lulluɓe kansu. Na can ciki sai su daina ci, su daina haihuwa, su yi lamo. Shi kuwa magani yawanci mai motsi yake kamawa, mai gina jiki, mai rabuwa biyu. Wanda ya kwanta sai ya wuce shi. In an gama magani, an yi wa majinyaci barka, sai su miƙe su ci gaba daga inda suka tsaya. In ka ɗebo su ka gwada, za ka ga maganin na kashe su sarai, don ba su canza ba, kwanciya kawai suka yi. Sai ka rasa wanda za ka zarga, kuma in aka rasa wanda za a zarga a asibiti, an san inda ake komawa.

Ta ukun da idona na gan ta. Likita ya samo wata sabuwar ƙwayar magani, ya ce mu gwada ta a kan abin da muka shuka. Madam ta shimfiɗa ƙwayoyin cutar a faranti, ta ɗora 'yar takardar da ta sha maganin a tsakiya. Bayan 'yan kwanaki muka ga fili fes kewaye da takardar, ba abin da ya tsiro. Muka yi murna, aka fara ba Baba, tari ya lafa, har ya fara cin tuwo da kyau. A al'ada da an karanta faranti ake zubarwa. Amma Madam ta riga ta tsorata da zubar da abu, sai ta mayar da shi akwati. Da aka yi kamar mako biyu ta ciro, filin nan ya cike, sun tako har jikin takardar. Ba a jima ba tarin Baba ya dawo. Sai bayan shekaru na ji cewa masana sun gano dalili: wasunsu na da wata kariya da suke ajiyewa a kashe, ba sa kunna ta sai sun ɗanɗani maganin. In ka yi gaggawar karanta farantin, za su ba ka amsar da kake so.

Ku lura da kyau. Da farko mun zubar don ya tsiro da wuri. Daga baya mun kusa ruɗuwa don mun karanta da wuri. Wannan ita ce sana'ar da kuka ce a zuba a danna. Na'urarku ta gwajin kaki na da kyau, na yarda, da muna da ita da ba a yi wa Baba allura ko ɗaya ba. Amma abu ɗaya aka koya mata, tarin fuka. In dangin nan ne, za ta buga muku babu, ku miƙa wa mutum takarda ku ce ya gode wa Allah, ya tafi gida ya ci gaba da tari. Mu mun ce akwai, ku za ku ce babu, ƙwayar kuma tana zaune tana kallonmu duka. In mutum ya shekara yana tari na'ura ta ce babu, ku tashi ku nemo gilashi da jan rini, in har kun san inda aka ajiye su.

Likita ya haɗa wa Baba magunguna kala-kala, aka yi ta fama. Bai warke sarai ba, bai kuma mutu ba, ya rayu shekaru da tarinsa, yau sauƙi gobe akasi. Alhaja ta mayar da kwanonsa cikin na kowa, jikoki suka koma hawa cinyarsa. Kunnen dai ya tafi. Na hagu gaba ɗaya, na dama saura ɗan abin da ba ya amfanar mai gyaran rediyo.

Kuma abin sha'awa, ba wanda ya yi kuskure. Ni ja na gani, ja na rubuta. Likita littafi ya bi. Madam dokar malamanta ta bi. Da aka gaya wa Tanko, ya ce to ai shi aikinsa ya yi, ya ci gaba da leƙa bakin na gaba. Kowa ya yi aikinsa daidai, kunne ne kawai bai yi sa'a ba. Saboda haka ba wanda ya ga dalilin zuwa ya ce wa Baba komai. An gaya wa Alhaja an canza magani, an daina zuwa layi, shi ke nan. Maganar da aka yi ta yaɗawa a baranda, cewa tsohon nan na ɓoye ƙwaya a kumatu, ba wanda ya bi ta ya janye.

Madam ce abin ya tsaya wa a rai, ko da yake ba za ta taɓa faɗa ba. Wata rana rediyon lab ta sake lalacewa. Ta naɗe ta a leda ta miƙo mini, ta ce in kai Bata. Ina bakin ƙofa ta ƙara da cewa, in na je in gaya masa mun sani yana shan maganinsa, tun farko, bai taɓa yi mana ƙarya ba.

Na same shi a shagon. Rediyoyin rufin sun ragu sosai, yawanci masu su sun zo sun kwashe. Ya karɓi tamu, ya kunna, ya ƙure ƙara har maƙwabcinsa mai sayar da batir ya leƙo. Wani ɗan siyasa ne ke bayanin yadda za a wadata asibitoci da kayan aiki. Baba bai karkata kai ba, bai rufe ido ba. Ya kwance bayanta, ya ɗora yatsu biyu a kan takardar lasifika yana jin rawarta, yana kallon sama. Da haka yake lallaɓa ɗan gyaran da ya rage masa.

Na taɓa kafaɗarsa. Ya ɗago. Na rage ƙarar, na matso wajen kunnen dama, na faɗi saƙon Madam. Bai nuna alamar komai ba. Na sake faɗa da ƙarfi, har masu wucewa suka fara waiwaye. Na dawo gabansa na faɗa a hankali, ina nuna bakina, ina nuna maƙogwaro, ina kwatanta haɗiya da hannu, don ya gane a kan magani nake magana.

Ya dube ni, ya dubi farar rigar asibiti da na manta ban cire ba. Ya gyaɗa kai alamar ya gane. Sai ya ajiye sukudireba, ya gyara zama, a tsakiyar Bata, a gaban 'yan dako da masu jiran mota, ya buɗe baki ya ɗaga harshe, ya tsaya yana jira in leƙa.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba a aiki. Ban san abin da zan yi ba, shi kuma bai rufe ba. Sai na sunkuya na leƙa, na ɗaga masa hannu kamar yadda Tanko ke yi.

Ya rufe bakinsa, ya ɗauki sukudireba, ya ce in dawo jibi.